Dogon lens na hannu don hoton mutane: wanne ya cancanci kuɗinka?

Wani yaro da ya koyi aiki a hannuna, wanda yanzu ya buɗe ɗan shagonsa a Yelwa, ya same ni ran nan bayan la'asar da waya a hannu, yana nuna min tallace-tallace har guda biyar. "Oga, na gaji da ƙaramin nan da ya zo da kyamara. Amare suna cewa hotona bai yi irin na Instagram ba." Na gane abin da yake nufi. Yana son fuska ta fito tas, baya kuma ya narke kamar an zuba masa ruwa. Amsar da na ba shi a tsaye ce nake faɗaɗawa a nan, don na san ba shi kaɗai ke wannan lissafi ba a Bauchi.

Dalilin da ya sa dogon lens ke wa fuska kyau shi ne nisan da yake tilasta maka ka ba mutum. Idan ka matsa kusa da ɗan gajeren lens, hanci zai kumbura, kunnuwa su ja baya. Idan ka ja da baya taku shida ko bakwai ka jawo hoton da lens mai tsawon milimita 135 ko 200, komai sai ya koma mazauninsa. A wajenmu akwai ƙarin riba. Amarya ranar kamu, ga lalle ga lulluɓi ga dangin miji sun zuba ido, in ka kawo mata kyamara dab da fuska sunkuyar da kai za ta yi, ba za ka ƙara ganin idonta ba. Daga nesa kuwa sai ta manta da kai, ta yi wa ƙawarta murmushi, kai kuma ka ɗauke abinka.

Ba zan ɓoye ba, nawa gwanin shi ne Canon EF 70-200mm f/4L, farin nan siriri. Iri biyu ne suka fi yawo a kasuwar na hannu: na 1999 wanda ba shi da na'urar hana rawar hannu, da na 2006 mai wannan na'urar, wato mai IS a sunansa. Na farkon giram 705 ne, na biyun 760. Riƙe wannan lamba a kai, domin babban yayansu mai f/2.8 IS II na 2010 ya kusa kilo ɗaya da rabi. A cikin shago bambancin ba ya nuna komai. Sai ka wuni a rana ranar hawan sallah, daga filin idi zuwa ƙofar fada, kana ɗaga shi kana saukewa kana kaucewa dawaki, sannan wuyan hannunka zai ba ka labari da daddare.

Masu raina shi suna cewa f/4 ba ya narka baya. Wannan magana ce ta wanda bai gwada ba. Faɗin ƙofar da haske ke shiga ana samun sa ne idan aka raba tsawon lens da lambar f. A 200 da f/4, milimita 50 ke nan. Shahararren 85mm f/1.8 da kowa ke yabo kuwa kusan 47 yake bayarwa. Wato in dai akwai fili a bayan mutum, ka tsayar da shi nesa da katanga, farin nan zai shafe maka bayan har a kasa gane dalbejiya ce ko shagon mai faci. Na ɗauki wani dattijo da rawaninsa a gefen kasuwar Wunti, Keke Napep na ta giftawa a bayansa, a hoto sai wani launi mai laushi kawai ya fito, ga zaren rawanin ana iya ƙirga shi. Kuma mu da rana ta yi mana yawa, sau nawa ma kake buɗe lens har ƙarshe da tsakar rana?

Abin da ya fi saye ni shi ne ba ya tsawo ba ya gajarta idan kana zum. Duk motsin a ciki yake. Lens ɗin da ke fitowa yana komawa kamar famfon keke yake, yana zuƙar iska, a hunturu kuma iskar nan rabinta ƙura ce. Wanda ya taɓa aiki a Disamba ko Janairu a garin nan ya san yadda hazo ke shiga har cikin akwatin da aka kulle. Mai IS ɗin yana da zoben roba a gindinsa da ke toshe tsakaninsa da kyamara, tsohon ba shi da shi. In kuɗinka ya kai, ɗauki mai IS. In bai kai ba, tsohon ma ba zai kunyata ka ba, sai dai ka kiyaye saurin shota kada ya yi ƙasa da 1/250 idan kana can ƙarshen zum.

Inda yake gazawa shi ne cikin zauren biki da daddare. f/2.8 na shigar da ninki biyu na hasken f/4, wannan ba gardama. Idan yawancin aikinka dina ne a ɗaki mai fitilu ja da shuɗi, kuma ba ka son filasha, to tara kuɗi ka sayi babban. Amma kada wani ya ruɗe ka da IS a nan. Rawar hannunka yake gyarawa, ba ya tsayar da ango da ke taka rawa.

Sauran fa? Canon 75-300 mai arha, wanda ake cusa wa duk sabon shiga, bar shi a inda ka gan shi. EF-S 55-250 STM na 2013 yana da kaifi fiye da kuɗinsa, amma f/5.6 ne a ƙarshe, gindinsa roba ne ba ƙarfe ba, kuma ba ya hawa manyan kyamarori irin su 6D da 5D ranar da ka girma. Tamron 70-200 G2 na 2017 lens ne na kirki, sai dai nauyinsa na babban ne. Mutanen Nikon kuma kullum ana yi musu tallar tsohon 80-200mm f/2.8D. Ƙarfe ne, gilashinsa na da kyau, amma ba shi da injin fokas a cikinsa, da na jikin kyamara yake dogara. Ka ɗaura shi a kan D3200 ko D5300, da hannu za ka yi ta murɗawa har a tashi daga biki. Kuma duk wanda kyamararsa irin su 600D ce ko 700D ya tuna cewa 70 ɗin nan zai zame masa kamar 112. A ɗan situdiyo mai faɗin ɗaki ɗaya, bango za ka jingina da shi kafin ka samu rabin jiki.

To, yanzu ga inda na ci wuya, kuma shi ya sa nake tsananta wa duk wanda ya tambaye ni.

Shekarun baya na ga tallar babban f/2.8 a intanet, wani mai sayarwa a Legas, farashi ƙasa da na kowa. Ya turo hotuna, fari sol kamar ba a taɓa shi ba. Ya ce daga Landan ya zo, wata baiwar Allah ce ta yi amfani da shi sau biyu. Kowane lens a Najeriya wata baiwar Allah ce ta yi amfani da shi sau biyu, ban san inda matan nan suke ba. Na tura kuɗi, ya sa a mota, na je tasha na karɓo kwali ina ta murna. Na ɗaura, na ɗauki yarana a tsakar gida, ya yi kyau a ɗan allon kyamara. Sai ranar Asabar a wajen ɗaurin aure, rana na bayan ango, duk hotunan suka fito kamar an shafa musu man kaɗe. Kafin azahar kuma kyamara ta fara rubuta min Err 01, wato ita da lens sun daina jin maganar juna. Da na koma gida na kashe fitila na haska tocilar waya ta gindinsa, sai ga fumfuna ta yi saƙa a gilashin ciki kamar yanar gizo-gizo. A ƙarƙashin zoben filta kuma ga ɗan lanƙwasa, alamar ya taɓa shan ƙasa. Na kira lambar, a kashe. Har yau a kashe take.

Saboda haka ka'idata ta farko, lens ɗin da hannuna bai taɓa ba, kuɗina ba ya taɓa shi. Gara in biya kuɗin mota zuwa Jos ko Kano in gani da idona. In dole sai daga nesa, a sami wani naka a can wanda ya san aikin ya je ya duba, ko a yi da mai shagon da ya yarda a rubuce cewa za ka iya mayarwa cikin kwana kaza. Bidiyon da mai kaya ya turo ba shaida ba ne, shi ya zaɓi inda zai nuna maka.

Je da kyamararka, da katinka, da batir cike. Cire murfi biyun, ka buɗe shi ga tocila ta gaba da ta baya, kana karkata shi a hankali. 'Yar ƙura ɗaiɗai ba komai ba ce, babu lens na hannu da ba shi da ita, kada ma ka ɓata baki a kanta sai dai don neman ragi. Abin gudu shi ne zare-zare mai rassa, fumfuna ke nan, da kuma wani fari-fari kamar hayaƙi da ya lulluɓe gilashi ɗaya. Fumfuna danshi take so, shi ya sa kayan da suka daɗe a Legas ko Fatakwal suka fi kamuwa, in ta daɗe kuma tana cin rufin gilashin, ko an wanke tabon na nan. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa nesa ba kusa ba. Duba ƙananan sukurorin gindi: in kawunansu sun cinye, wani ya taɓa buɗe shi, ka tambaya wa ya buɗe, me ya nema.

Sannan fokas. Ka nufi abu na kusa, ka nufi na nesa, sau goma. Ya kamata ya tafi shiru, ya tsaya cak. Ƙara kamar ana niƙa, ko kai-komo kafin ya kama, injin ya fara gajiya. Ko gwanin nawa yana da nasa ciwon: wasu daga cikin f/4 ɗin nan idan sun tsufa fokas ɗinsu na zamewa. Ɗaga shi sama ka nufi silin, ka sunkuyar da shi ka nufi ƙasa, ka murɗa zoben da hannu ka ga ko lambobin tagar nan suna bin ka. A kwance lafiya lau zai yi, mai sayarwa kuma a kwance zai gwada maka. Bayan haka nemi katangar bulo, ka tsaya daidai gabanta, ka ɗauka a 70 da 135 da 200 da ƙofa a buɗe, ka faɗaɗa kusurwa huɗun. In gefe ɗaya ya fi ɗaya dushewa, gilashin ciki ya goce, galibi daga faɗuwa, gyaransa kuma ba na bakin titi ba ne.

Akwai kuma masu sauya wa kaya suna. Za a ce maka mai IS ne alhali tsohon ne, ko a ce babban f/2.8 ɗin IS II ne alhali tsohon mai IS ne na 2001. Ƙirga maɓallan gefe: f/4 marar IS biyu gare shi, mai IS huɗu. Kunna IS ɗin ka danna shota rabi, ka sa kunne, za ka ji ɗan motsi, hoton kuma ya natsu a ido. Ka ɗauki hoto ɗaya ka buɗe bayanansa a kwamfuta, lens ɗin da kansa yake rubuta cikakken sunansa a ciki, sitika ba ta isa ta canza wannan ba. Tsofaffin Canon suna da wasu haruffa a gindi da ke faɗin shekarar ƙira: U na farko masana'antar Utsunomiya ce a Japan, harafi na biyu shi ne shekara, UV 2007 ke nan, UY kuma 2010. Wanda ya rantse maka bara aka ƙera, juya gindin ka karanta masa. In kuwa ka ga an kankare lambar lens ɗin, ajiye shi ka yi sallama, kayan wani ne da ke can yana nema.

Yaron nan na Yelwa ya bi ni muka je muka duba guda biyu. Na farkon ya faɗi a gwajin silin. Na biyun tsohon f/4 ne marar IS, fentinsa ya ɗan goge a gefe, gilashi kuwa garau. Mai shagon ya ce, "Alhaji, kai kam ka fi mai saye tsanani." Muka yi ciniki har ya haɗa mana da hular lens ɗin da filta mai lamba 67. Na sa yaron ya sayi robar abinci mai murfi mai kamawa, ya tara ƙananan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi, don watan Agusta na nan tafe.