Kayan Atisayen Ƙwallon Raga: Wanda Za a Fara Saya da Wanda Zai Iya Jira

Ɗan wasa ba ya ƙwarewa a tarbar sabis (bugun da ake fara wasa da shi), ɗaga ƙwallo ko sara (dukan ƙwallo da ƙarfi daga saman raga) sai hannunsa ya taɓa ƙwallo sau ɗaruruwa a kowane atisaye. Da wannan mudu koci zai auna duk abin da zai saya. Shi ya sa ƙwallo ke gaba da komai, kuma yawanta ya fi tsadarta amfani. Idan 'yan wasa 12 gare ka, kada ƙwallaye su gaza 12. In da hali ka kai 18 ko 24, don kada rabin lokaci ya ƙare a guje-gujen tsinto ƙwallo.

A dokar FIVB, hukumar ƙwallon raga ta duniya, kewayen ƙwallon cikin zaure santimita 65 zuwa 67 ne, nauyinta giram 260 zuwa 280, ƙarfin iskarta kuwa kilogiram 0.30 zuwa 0.325 a kowace murabba'in santimita. Ka haɗa da famfo mai ma'aunin iska, domin matsa ƙwallo da yatsa yana yaudara. Wadda iska ta yi wa yawa tana tsalle daga damtse ba tare da an sarrafa ta ba, wadda ta yi taushi kuma tana sa ɗan wasa ya saba yarfa hannu da ƙarfin da bai kamata ba.

Iri uku za ka tarar. Akwai mai fatar da aka manne, irin Mikasa V200W mai fallaye 18 da Molten V5M5000. Ita ake bugawa a manyan gasa, tafiyarta a iska daidai take, amma daɓen katako ko na roba aka yi ta dominsa. A kan siminti mai kaushi nan da nan fatar ke ɗayewa. Akwai mai ɗinki, wadda ta fi araha kuma ta fi jure filin waje, sai dai idan ɗinkin ya saki takan karkace. Ta ukun ita ce ta zallan roba, kuma shawararmu a kauce mata: tana ƙona damtse, yaro ya riƙa jin tsoron ƙwallo tun bai iya ba. Ƙwallon wasan rairayi ma ba ta maye gurbin ta zaure. Ta ɗan fi girma, santimita 66 zuwa 68, iskarta kuma 0.175 zuwa 0.225 kacal, don haka tafiyarta a hankali take, tana ɓata wa ɗan wasa lissafin lokaci.

Duk wadda ka zaɓa, ka saye ta iri ɗaya. Sabis ɗin da ake bugawa ba tare da ƙwallo ta juya ba yana lilo a iska, kuma yadda yake lilon ya danganta da fallaye da kaushin fatar. Idan kwandonka na ɗauke da iri huɗu, mai tarba ba zai gane ko kuskuren nasa ne ko na ƙwallo ba. Mafi dacewa shi ne irin da za a buga gasa da shi.

Ga yara 'yan ƙasa da shekara 12, ƙwallo mara nauyi, mai giram 200 zuwa 230, ta fi. Da ta manya sukan lanƙwasa gwiwar hannu don gudun zafi, su wurga sabis da dukan jiki, kuma ɗabi'ar da aka koya da ƙuruciya tana da wuyar kankarewa. Akwai kuma mai nauyi, giram 370 ko 500, ta masu ɗaga ƙwallo. Guda ɗaya ko biyu sun isa. Da yatsu kawai ake aiki da ita, na 'yan mintoci, sannan a koma ta asali. Kada a bari a yi sabis ko sara da ita, kafaɗa ce za ta ɗauki wahalar.

Sai raga. Tsayinta mita 2.43 ne ga maza, 2.24 ga mata, kuma a tsakiya ake aunawa. Gefe bai kamata ya ɗara haka da fiye da santimita 2 ba. Mai igiyar leda a sama tana miƙewa ta sauka a tsakiya, sai masu sara su saba da raga gajeriya, ranar gasa ƙwallo ta yi ta maƙalewa. Mai wayar ƙarfe ko zaren Kevlar, wani zare mai ƙarfin gaske, ta fi riƙe tsayi. Ka duba akwai igiyar ƙasa da ake ɗaurewa tamau, domin da ita ƙwallo ke dawowa daga raga har a koyi ceto ta. Sandunan gefe guda biyu, masu tsawon mita 1.80 da ke ɗara raga da santimita 80, ba ado ba ne: su ke nuna wa mai ɗagawa iyakar inda zai aika ƙwallo. Ginshiƙai kuma a zaɓi waɗanda ake ɗagawa a sauke, a naɗe su da katifa.

Kwando mai taya da ke cin ƙwallo wajen 24 ya cancanci kuɗinsa. Yana hanzarta ba da ƙwallo, yana kuma kawar da ita daga ƙarƙashin ƙafar mai tsalle, inda targaɗe ke yawan samuwa. Zoben saiti da ake tarba ko ɗaga ƙwallo cikinsa yana da amfani, amma ɗan wasa ya tsaya a wurin ma ya wadatar. Wayar hannu a kan maɗora mai ƙafa uku, tana ɗaukar bidiyo a hankali, ta fi shi gyara kuskure.

Injin harba ƙwallo a bar shi zuwa ƙarshe. Yana ba da ƙwallo iri ɗaya sau da yawa, gaskiya ne, amma mai tarba daga cillawar mai sabis da motsin kafaɗarsa yake karanta inda ƙwallo za ta faɗa, inji kuwa ba shi da kafaɗa. Haka sandar da ke riƙe ƙwallo a sama: tana koyar da yarfa hannu, ba ta koyar da lokacin tsalle.

Kafin ka ɗebi ƙwallaye da yawa, ka fara da guda. Jiƙa allurar famfo kafin ka soka don kada bakin iska ya tsage, hura ta daidai ma'auni, ka bari ta kwana biyu ka sake aunawa. Sannan ka gangara ta a daɓe mai santsi. Idan tana ɗingishi ko iska ta ragu, nemi wani iri.