Taksi har Wida, zemijan ko ƙafa zuwa gaɓa: sharhi kan masu kai mutum bakin teku

Mutanen Maradi da yawa sun san Kwatano ta wajen tashar jiragen ruwa, da kasuwar Dantokpa, da filayen sayar da motoci na hanyar Seme. Suna kwana suna tashi a garin da teku ke gefensa, amma kaɗan ne ke ware yini guda su je su tsaya gabansa. Ga wanda ya yi niyya, wurin da ya fi cancanta shi ne gaɓar Wida, wajen kilomita 40 yamma da Kwatano, inda aka gina ƙofar tunawa da bayi a 1995. Da Faransanci ake kiranta Porte du Non-Retour, kuma sunan da za ka faɗa wa direba ke nan. Masu kai mutum can iri uku ne: ƴan zemijan, wato ƴan kabu-kabu, taksin haɗaka, da motar shata. Hukuncinmu a kansu shi ne a hau taksi har Wida, sannan a ƙarasa daga gari zuwa gaɓa da zemijan ko da ƙafa. Wanda ya hau babur tun daga Kwatano ya sayi wahala da kuɗinsa.

Tafiya daga Maradi sananniya ce. Kar, wato bas ɗin fasinja, na bi ta Konni, Dogon Dutsi da Doso, ya karkata kudu zuwa Gaya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, matafiya suka koma tsallake kogin Isa cikin kwale-kwale su kama wata mota a wancan ƙetaren. Saboda haka kafin ka yanki tikiti tambayi mai sayarwa ƙarara: kuɗin nan har Kwatano ne ko iyakarsa Gaya, kuma kuɗin fito da na dakon kaya suna ciki? Nan ake yawan samun saɓani. Daga Malanbil akwai sama da kilomita 700 ta Kandi, Paraku, Dasa da Bohikon, kuma arewacin Benin da rana ake binsa saboda matsalar tsaro. Katin ɗan ƙasa da katin allurar shawara su kasance a aljihu, kada su shiga jakar da aka tura ƙarƙashin mota. Kuɗi sefa ɗaya ne da namu, agogo ma ɗaya.

Zemijan shi ne kabu-kabun Kwatano. Ana gane shi da riga ruwan ɗorawa mai lamba a baya, kuma wanda ba shi da wannan riga kada a hau bayansa ko da ya rage kuɗi, don in an samu matsala babu lambar da za a kai ƙara da ita. Amfaninsa a cikin gari ba a musu. Ana samunsa kowace kusurwa, da asuba da tsakar dare, yana ratsa cunkoso, yana shiga lungunan yashi da mota ke tsoro. Daga Zongo zuwa tashar taksi, ko zuwa gaɓar Fijirose da ke kusa da filin jirgin sama, babu abin da ya kama ƙafarsa.

Inda yake ba baƙo ciwon kai shi ne ciniki. Ba shi da awo, kuɗi a baki ake yanke shi, kuma yawancinsu Fon da Faransanci suke ji, sai a kewayen Zongo ake dacewa da mai jin Hausa. A gama magana kafin a ɗaga ƙafa, a kuma ambaci sanannen wuri, kamar masallaci ko shatale-tale ko kasuwa, domin sunan titi ba ya yi masa jagora. A riƙe tsabar 100, 200 da 500. Wanda ya miƙa takardar jika biyar a ƙarshen tafiya zai tsaya a rana ana neman canji, wani lokaci ya haƙura da saura. Mai layin wayar Benin, na MTN ko Moov ko Celtiis, yana iya kiran babur ta manhajar Gozem, wadda ke nuna kuɗin tun kafin a tashi, kuma ga wanda Faransancinsa bai nuna ba wannan sauƙi ne babba.

Sai maganar hular kwano. Tun watan Maris na 2024 ƴan sandan Benin suka tsananta a kanta, har ga wanda aka goyo. Ba kowane ɗan zemijan ke yawo da ta biyu ba, shi ya sa za ka ga matan Kwatano riƙe da tasu za su kasuwa. Mai kwanaki a gari ya sayi tasa, mai wucewa ya tsayar da wanda ya rataya biyu. Alhaji mai babbar riga ya tattare ta ya danne a cinya, Hajiya ma ta naɗe bakin hijabi, saboda sarƙa da wayoyin ƙafar baya na fizgar duk tufar da ta sauka, kuma in ta fizga mutum ƙasa yake zuwa. Ta hagu ake hawa a sauka, salansa na dama, ƙunarsa a ƙwauri kuwa ba ta saurin warkewa a garin da iska ke da laima.

To me ya sa ba za a miƙe da shi har Wida ba? Hanyar ita ce babbar hanyar gaɓa da ta haɗa Legas da Lome, cike da tireloli da tankoki. Baburan ƙanana ne, yawanci man kwalba na bakin hanya suke sha, injin na ɗaukar zafi a doguwar tafiya da mutum biyu. Ɗan zemijan na Kwatano zai lissafa maka kuɗin komawarsa babu kowa a baya, ga shi bai san lungunan Wida ba, yana isa shi ma tambaya zai fara. In hadari ya taso tsakanin Kokotome da Pahu babu wurin fakewa sai rumfar mai shago.

Taksin haɗaka ana samunsa a Etuwal Ruj, da Jonke, da mararrabar Godome. Tsofaffin motoci ne, wasu hayaƙin salansa na dawowa ciki, wasu sai an ziro hannu ta taga a buɗe ƙofa daga waje, kuma ba sa tashi sai sun cika. Duk da haka su suka fi dacewa da wannan tafiya, ga araha ga rufi a ka. Da sassafe mota ke saurin cika. Akwai kuma wata riba da baƙo ba ya lura da ita: da safe jama'a cikin Kwatano suke kwarara, kai kana fita, da yamma suna fita kai kana shiga, saboda haka cunkoson Godome yawanci a ɗaya hannun yake. In hanya ta yi kyau awa ɗaya ta isa. Akwai shingen biyan kuɗin hanya a Ahozon, wannan na direba ne, ba a karɓa daga fasinja. Mai jiki ko mai ciwon gwiwa ya biya kuɗin mutum biyu ya zauna gaba shi kaɗai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne rashin tantance inda za a sauka. Motoci da yawa Kome ko Gran Popo ko iyakar Togo suka nufa, Wida a hanya take gare su, suna ajiye mutum a bakin babbar kwalta su wuce, alhali tsohon gari na kudu da nan. Tun a tasha ka tambaya ko motar na shiga gari. In ba ta shiga, ba abin damuwa ba ne, ƴan babur na jira a mararraba, sai dai ka san akwai ƙarin kuɗi a gaba. Ka ce a kai ka Place Chacha.

Daga wannan dandali zuwa gaɓa kusan kilomita 4 ne, hanya ɗaya miƙaƙƙiya zuwa kudu, kuma ita ce hanyar da aka bi da bayi zuwa jiragen Turawa. Dandalin ya samo suna daga laƙabin Francisco Félix de Souza, dillalin bayi ɗan Brazil da ya rasu a 1849. Tun kafin Sarkin Dahome Agaja ya ci Wida a 1727 garin ya riga ya zama babbar tashar wannan mugun fatauci. Ba labarin wasu can ba ne. A farkon ƙarni na 19 an yi jigilar Hausawa da yawa daga tashoshin wannan gaɓa zuwa Bahia ta Brazil, suka shirya tawaye a 1807, kuma akwai su cikin Musulmin da suka tashi a birnin Salvador a 1835. Mai lafiyar ƙafa ya taka ta, aƙalla a zuwa. Zai wuce gurbin itacen da ake kewayawa da bayi wai su manta gida, da Zomayi inda ake kulle su cikin duhu, da Zungboji inda aka binne waɗanda suka mutu kafin su kai ruwa, sannan gada a kan tafkin da mutanen Jegbaji ke dafa gishiri a gefensa. A kan babur duk wannan cikin minti goma sha biyar yake wucewa, mutum bai ga komai ba sai ƙeyar direba.

Tafiyar ƙafa awa ɗaya ce, in ana tsayawa ta kai biyu. Mutumin Maradi da ya saba da zafin Afrilu yakan raina digiri 30 na gaɓa, nan kuwa yake shan mamaki, domin iskar jiƙe take, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya huce. A tashi kafin ƙarfe tara, da babbar gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, da hula ko laima, don inuwa ta yi ƙaranci da zarar an bar gidaje. Takalmi mai maɗauri ya fi silifa. Masu yi wa baƙi jagora za su tare ka tun a dandali, wasunsu sun san aikinsu ƙwarai, amma a yanke lada tun farko, a kuma fayyace na mutum ɗaya ne ko na ayari duka. Akwai wuraren bautar gargajiya a gefen hanya, ba a ɗaukar hotonsu sai da izni.

Tsofaffi da masu yara su ɗauki zemijan na Wida, su ne suka san hanyar. A shirya da shi ya jira ko ya dawo a lokaci kaza, a karɓi lambar wayarsa, a ba shi rabin kuɗi, saura sai an koma gari. Wanda ya biya duka a zuwa yakan rasa mai maido shi, don da la'asar sakaliya babura na ƙaranci a gaɓa. An kuma yi manyan gine-ginen yawon buɗe ido a kewayen ƙofar cikin ƴan shekarun nan, inda abin hawa ke tsayawa na iya zama da ɗan nisa, sauran a taka cikin yashi.

Ƙofar doguwa ce, a samanta an zana layin mutane ɗaure suna fuskantar ruwa. Kana ratsa ta sai rairayi, da itatuwan kwakwa gabas da yamma iyakar ganinka, da kwale-kwalen masunta a kife, sannan Tekun Atalantika babu komai a gabansa. Ganin ya danganta da wata. A Disamba da Janairu ƙurar hunturu na sauka har nan, sama da ruwa su haɗe su yi fari. Daga Afrilu zuwa Yuli babbar damina ce, akwai ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba, amma washegarin ruwa sararin ya fi kowane lokaci tsabta. Agusta na da sanyi-sanyi da ƙarancin ruwan sama. Wajen 10 ga Janairu ake bikin addinin gargajiya na Vodun, gaɓar na cika maƙil, kuɗin abin hawa na tashi, mai son natsuwa ya kauce wa wannan mako.

Kada a shiga ruwan. Gaɓar na da gangara, igiyar na karyewa daf da ƙafa, in ta juya tana kwashe yashin da mutum ke tsaye a kai ta ja shi ciki. Ko gwanin iyo na gulbi ba ya iya mata. A tsaya inda yashi ya bushe, a riƙe hannun yara, kuma kada a juya wa ruwa baya don ɗaukar hoto a wurin da ya jiƙe. Ruwan alwala a taho da shi daga gari, ɗebo na teku da buta shi ne irin gangancin da ake gudu. Alƙibla kuwa, in kana fuskantar teku tana hannun hagunka, ta ɗan karkata baya.

Motar shata tana da ma'ana ga iyali ko ayarin mutum huɗu zuwa biyar. A yi cinikin yini, a faɗi waye zai zuba mai, waye zai biya shingen Ahozon, da ƙarfe nawa za a juyo. Direbobi kan ba da shawarar a bi Route des Pêches, hanyar da ta bi bakin ruwa daga Fijirose, kuma ta fi babbar hanya kyan gani nesa ba kusa ba. An shimfiɗa mata kwalta kashi-kashi daga ɓangaren Kwatano, saboda haka a tambayi direbobin tasha halin da ƙarshenta ke ciki a safiyar ranar. Duk inda taya ta sauka daga kwalta yashi ne mai laushi. Ƙaramar mota mai jan ƙafa biyu kada ta gwada. Mai jan huɗu a rage mata iskar taya, a tafi da giya ta biyu ba tare da tsayawa ko taka birki da ƙarfi ba. In ta kafe a ɗaga ƙafa daga totur nan take, don ƙara wuta haƙa rami yake har cikin motar ya zauna a ƙasa. A tone gaban tayoyin, a shimfiɗa ganyen kwakwa, a fita a hankali, sannan a mayar da iska kafin a hau kwalta da gudu.

Rana na faɗuwa tsakanin shida da rabi da bakwai da ƴan mintuna, duhu kuma ba ya jinkiri. Mai komawa Kwatano da taksi ya bar gaɓa da ƙarfe biyar, domin bayan magariba motocin da ke tasowa daga iyakar Togo a cike suke isowa Wida, sai mutum ya daɗe a bakin kwalta kafin ya samu mai kujera ɗaya.