Sharhi a Kan Event Viewer Wajen Gano Matsalar Kwamfuta

Ina kula da kwamfutocin wata cibiyar koyar da na'ura a Birnin Kebbi, kuma a cikin kayan aikin da ke zuwa tare da Windows babu wanda nake dogara da shi kamar Event Viewer, manhajar da ke nuna rajistar abubuwan da suka faru a cikin na'ura tare da lokacinsu. Ana buɗe ta da maɓallin Windows haɗe da R, sannan a rubuta eventvwr.

Na ga amfaninta sosai a kan wata kwamfuta da ke mutuwa haka kawai a tsakiyar darasi, har malamai suka ɗora laifin a kan ɗauke wuta. A sashen System na tarar da lamba 41 ta Kernel-Power, wadda ke nufin na'ura ta mutu ba bisa ƙa'ida ba, da kuma lamba 6008 da ke faɗin lokacin. Da na jera lokutan sai na ga duk sun faɗo tsakanin azahar da la'asar, a cikin zafin Afrilu, alhali sauran kwamfutocin ɗakin suna aiki lafiya. Muna kwance ta muka tarar ƙurar hunturu ta toshe fankar gaba ɗaya. Rajistar ba ta ambaci zafi ba ko sau ɗaya, domin lamba 41 ba ta faɗin dalili. Lokutan ne suka tona asirin.

Babban aibinta shi ne yawan surutu. Gargaɗin DistributedCOM mai lamba 10016 yakan cika shafi, bayan kamfanin Microsoft da kansa ya ce ana iya ƙyale shi, kuma ɗalibin da ya ga wannan jerin sai hankalinsa ya tashi a kan na'ura mai lafiya. Shi ya sa nake tace rajistar in bar Critical da Error kaɗai, wato saƙonnin manyan matsaloli. Amma lamba 7 ta faifan ajiyar bayanai (hard disk) ba abin wasa ba ce, don tana nuna wani ɓangarensa ya lalace, kuma ranar da na gan ta ranar nake kwashe bayanai.

Ina ba masu gyara shawarar amfani da ita, da sharaɗin su fara duba agogon na'ura. Tsofaffin kwamfutocin da muke saye sukan zo da mataccen batirin CMOS, wato ƙaramin batirin da ke riƙe agogon na'ura idan tana kashe, kuma idan agogo ya rikice, lokutan da ke cikin rajistar ba za su yi daidai da lokacin da matsalar ta auku ba.