Filtar CPL ta Hoya: tana kashe ƙyallin gilashi, amma sai ka tsaya a kaikaice

Sana'ata ɗaukar hoton kaya ga masu shaguna da dillalan motoci, su ɗora a WhatsApp da Instagram, kuma ba abin da ke ɓata min aiki irin gilashi. Sarƙa na cikin akwatin gilashi, ka ɗauka, sai ga fitilar shago, ga titi, ga ka riƙe da kyamara, sarƙar kuwa da kyar ake ganinta. Dalilin da ya sa ke nan na sayi filtar CPL, wato gilashin rage ƙyalli da ake ɗaurawa a bakin lens ɗin kyamara, ta kamfanin Hoya na Japan, mai faɗin 58mm, daidai bakin lens ɗin Canon 18-55 da nake aiki da shi. Kafin ka saya, duba bayan murfin lens ɗinka, lambar faɗin bakinsa tana nan a rubuce.

Zobe biyu ne da ita. Ɗaya ka ɗaura a bakin lens, na gaban kuma ka riƙa juya shi a hankali kana leƙawa. A wani wuri sai ka ga ƙyallin ya dushe. A gilashin gaban mota da rana tsaka, farin sararin sama da ya lulluɓe shi ya kau, sitiyari da kujeru suka fito sarai, har ɗinkin fatar kujera ana gani. A shagon gwal abin ya fi burge ni: ba ta taɓa ƙyallin ƙarfe, don haka gilashin ya yi tas, gwal ɗin kuma na ta sheƙinsa.

Sai dai wanda zai saya ya sani, in ka tsaya gaba da gaba da gilashi, kusan ba abin da za ta yi maka. Sai ka matsa gefe, kamar digiri 35 daga fuskar gilashin, nan ne ƙarfinta yake. Haka kowace CPL take, komai tsadarta. Tana kuma cin haske, rabi ko fiye, shi ya sa a shago mai duhu nake kafa kyamara a kan ƙafa uku. Gilashin gefen mota ma wani lokaci yana fito da dabbare-dabbare in an juya ta sosai, sai ka ɗan sassauta.

Da daddare kuwa, in ta taga zan ɗauki hoton waje, cire ta nake yi. In kashe fitilar ɗaki, in manna bakin lens jikin gilashi, in yafa baƙin mayafi.

Jabu sun yi yawa a kasuwa, don haka gwada ta kafin ka biya. Riƙe ta gaban allon kwamfuta yadda za ta zauna a kyamara, ka juya. In allon bai yi duhu ba, ajiye musu kayansu.