HATTARA da mai sayar da kayan wutar tsofaffin babura a intanet

Jama'a wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Rabin albashina na wata wani mai sayar da kayan babura ya cinye, rabin albashi fa, kan kwayil (abin da ke harba wuta zuwa fulogi) na babur ɗina Honda CB750 ta 1974 da nake lallaɓawa shekara da shekaru. Kuma kafin wani ya zo min da "ai kai ma da gangancinka", ku tsaya ku ji yadda aka yi tukunna.

Matsalar mashin ɗin ita ce da sanyi yana tashi lafiya lau, sulu (gudun inji in ba a murɗa totur ba) daidai, amma da ya ɗau zafi sai ya fara shaƙewa yana tari, ƙarfi ya ragu kamar an raba shi biyu. Na wanke kafireto, na sa sababbin fulogi na daidaita bakinsu 0.6 zuwa 0.7 mm, batir ya nuna bolt 12.6, kontak ma (makunnin da ke buɗewa yana rufewa don kwayil ya harba wuta) na sa filagej, wato ma'aunin tazara, na mayar da bakinsa 0.3 zuwa 0.4 mm yadda littafin mashin ya ce. Duk a banza. Shi ne na ɗora bidiyo a wani gurup na masu tsofaffin babura, ba a jima ba mutumin nan ya biyo ni ta inbos.

Abin da ya fara ce min shi ne ya kashe min jiki. "Yallaɓai, taɓa bututun salansa na tsakiya guda biyun nan, na 2 da na 3, za ka ji ba su kai na gefe zafi ba." Ni ban faɗa masa ba! Ko a bidiyon ban ambata ba. Na fita na taɓa, wallahi haka ne. To ku gaya min wa zai ji wannan bai yarda ba? Mashin ɗin nan silinda huɗu da kwayil biyu gare shi, ɗaya na ba silinda 1 da 4 wuta, ɗaya na ba 2 da 3, kowanne da nasa kontak da nasa kondensa (ɗan abin da ke shanye tartsatsin kontak), duk ya jero min su tiryan-tiryan har da kalar waya, shuɗiya ta 1-4, rawaya ta 2-3. Ina nan ina ta maimaita saƙon nan a raina, "taɓa na tsakiya", "taɓa na tsakiya". Mutumin ya san aiki, ba wai bai sani ba, da sanin nasa ya yanke ni.

Na ce masa ai na gwada kwayil da mita, duka biyun sun nuna wajen ohm 5 a waya ta farko. Ya ce gwajin sanyi ba ya nuna kwayil mai mutuwa in ya yi zafi. Kuma wannan gaskiya ne, duk makaniken kirki zai gaya maka haka. Don haka ni ba ido rufe na tura kuɗi ba, na yi tambayoyi, na nemi hoto ya turo, kwayil biyu cikin tsohon kwali wai tun na kamfani ba a taɓa ɗaura su ba, ga mita a gefe.

Au, na manta, kafin ma maganar hoton ya kira ni a waya mun fi rabin awa, yana ta "ɗan'uwa, ni ba don kuɗi nake yi ba, son tsofaffin injinan nan ne kawai". Ko bayan hoton ne ya kira? Oho dai, duk yana cikin sikirinshot, zan ɗora su gaba ɗaya da rasit ɗin turansifa da hoton kwalin, ina rufe bayanan asusuna ne kawai.

Na tura rabin albashina. Daga baya ya dawo wai kuɗin aike ya ƙaru, na ƙara masa, don mutum ya riga ya zuba rabin albashi ina zai tsaya kan ɗan cikon aike. Da kwalin ya iso na buɗe, kwayil ɗaya ne tal a ciki, an fesa masa baƙin fenti har kan tsatsar ƙusoshin, fentin ma bai gama bushewa ba yana kama yatsa. Kuma wayar fulogi ɗaya ce ke fita daga jikinsa! Na CB750 kowanne waya biyu yake fitarwa tunda fulogi biyu yake ciyarwa lokaci guda. Na ɗora mita, shiru, a katse yake ta ciki. Na kira, a kashe. Na tura saƙo, ya riga ya yi bulokin ɗina, a gurup ɗin ma ko sama ko ƙasa. Wani bawan Allah da ya ga ƙorafina ya turo min hoton kwalin nan sak, wai shi ma da shi aka cuce shi kan wani mashin daban.

Abin da ya fi ƙona min rai, kwayil ɗina lafiyarsu ƙalau. Na cire murfin kontak na tayar da injin da daddare, sai ga na 2-3 yana ta tartsatsi mai ƙarfi, na 1-4 kuwa da kyar kake ganin ƙyalli. Bakin kontak ɗin duk ya ci wuta, gefe ɗaya rami gefe ɗaya tudu. Na musanya kondensa biyun, na 2-3 ya koma 1-4, injin ya yi zafi, sai bututun gefe suka koma su ne masu sanyi. Kondensa ce. 'Yar ƙaramar kondensa, wadda ke shanye tartsatsin in kontak ya buɗe don kwayil ya samu ya harba wuta mai kyau. Kuma na rantse ya sani tun ranar farko, wanda ya gane silindan da suka mutu daga sauti ba zai kasa cewa "musanya kondensa ka gani" ba. Bai faɗa ba ne don babu rabin albashi a cikin kondensa.

Ku dai in silinda biyu na kwayil ɗaya suka ɗauke, ku musanya kondensa, in matsalar ba ta motsa ba ku musanya kwayil, sannan ku auna wutar da ke isa kwayil ta baƙar waya mai ratsin fari, don makunnin kashe inji in ya yi tsatsa yana rage ta. Wanda ya biyo ku inbos da hoton kaya, ku ce ya nuna su kai tsaye a kiran bidiyo, in ya fara kame-kame kar ku tura komai.