Mutum biyu da suka nema mini bizar Sifaniya daga Kumasi

Yadi da shadda nake sayarwa a kasuwar Kejetia, a Aboabo kuma aka haife ni, can nake zaune har yau. Ba ni da ɗan'uwa a Turai, ban kuma taɓa sha'awar zama can ba. Abin da ya kai ni neman biza tsohon buri ne tun ina makarantar dare, lokacin da malaminmu yake ba mu labarin Andalus, wato Sifaniya a zamanin mulkin Musulmi: masallacin Ƙurɗuba da aka fara ginawa a wajejen shekarar 785, da birnin Garnaɗa da ya fita daga hannun Musulmi a 1492. Na ce kafin gwiwa ta ƙi, sai na je na gani da idona. Sau biyu na nema, ta hannun mutum biyu daban, kuma tun da na dawo mutane ke tare ni a shago suna tambayar ta ina na bi. To ga amsar. Ba zan kama sunan kowa ba. Na farkon sahu ɗaya muke bi ranar Juma'a, ta biyun kuma ba ta ɗauke ni aikin talla ba.

Na farkon irin mutanen nan ne da muke kira kanekshan man. Ɗaki ɗaya ne ofishinsa, da hoton Ka'aba a bango ɗaya, hoton jirgin sama a ɗayan, ga fanka tana kaɗa takardu. Wajen karɓar baƙo kam ba shi da na biyu. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya aika a sayo mini ruwan sanyi, ya ce, "Alhaji, kai dai kawo fasfo, sauran namu ne." Maganar ta yi mini daɗi a ranar. Ashe a nan ya kamata in ɗauki hulata in fita.

Da na kai masa takardar banki ya duba ta sama-sama, ya girgiza kai, ya ce asusun nan ba shi da jini. Gaskiya ya faɗa. Duk ɗan kasuwar zango ya san yadda kuɗinmu ke tafiya. Ciniki na shigowa hannu da hannu ko ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, wani ya tafi adashi, wani ya koma kaya kafin ya kwana, banki kuwa sai in za a biya wani a nesa. Mutum na iya juya kuɗi masu kauri a wata, takardar bankinsa ta nuna kamar almajiri. Maganinsa shi ne ƙarin jini: akwai wanda zai zuba kuɗi masu yawa a asusuna su yi mako uku, a buga takarda, a mayar masa da abinsa, ni kuma in biya kuɗin haya. Na yarda. Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya, wannan laifina ne, na kuma ɗauka.

Sauran takardun ban ma karanta ba. Daga baya ne 'yata ta karanta mini wasiƙar da ya rubuta da sunana, inda na zama babban darakta mai ma'aikata da yawa, ni da nake da yaron shago ɗaya. Otal kuma a Basalona ya kama mini, garin da ban taɓa cewa zan je ba, wai don sunansa ne Turawa suka saba gani.

Ba a Kumasi ake miƙa takardun ba, sai an je Ankara, tamu ta bakin teku nake nufi, ba ta Turkiyya ba. Na hau motar dare a Asafo, muka wuce Nkawkaw ina gyangyaɗi, asuba ta yi mana a Circle. Na wuce Nima gidan ƙanin mahaifiyata, na yi salla, na sha koko da ƙosai, sannan na nufi cibiyar karɓar takardu. Can aka ɗauki hoton fuskata da zanen yatsuna goma, na biya kuɗin biza, Yuro 90 a lissafin sidi, domin tun watan Yunin 2024 aka ɗaga shi daga 80. Ga kuma kuɗin cibiyar daban. Duk wannan ban da abin da mutumin ya riga ya karɓa, wanda ya ninka kuɗin bizar kanta, kuma ba rasit.

Bayan kusan mako uku fasfo ya dawo fayau, da takarda a tsakiyarsa. Takardar ƙin ba da bizar Shengen, wato bizar da ƙasashen Turai da yawa suka yi tarayya a kanta, iri ɗaya ce a duk ƙasashen: jerin dalilai ne, sai jami'i ya sa alama a kan wanda ya shafe ka. Biyu aka sa mini. Ɗaya na cewa bayanin da na bayar kan dalilin tafiyata ba abin dogaro ba ne, ɗayan na cewa akwai shakku kan ko zan fita kafin bizar ta ƙare. Ba a mayar da ko kwabo. Na koma wurinsa da takardar, ya kalle ta, ya ce, "Alhaji, rabo ne. Mu gwada Italiya." Ya manta, ko dai bai so ya gaya mini ba, cewa ƙasashen Shengen 29 rumbu ɗaya suke dubawa, kuma labarin ƙin da aka yi maka yana zama a ciki shekara 5. Italiya za ta ga abin da Sifaniya ta gani. Bai kuma ce mini takardar ta ba ni damar ɗaukaka ƙara ba. Ko da ya faɗa ma, da wace fuska zan je in kare wasiƙar da ban san abin da ke cikinta ba?

Ta biyun maƙwabciyata a kasuwa ce ta haɗa ni da ita. Yarinya ce 'yar Asawase, ba ta girmi babbar 'yata da yawa ba, ofishinta yana Adum a saman bene, sai ka hau matakala mai duhu kana laluben bango. Ba kujerar alfarma, ba ruwan sanyi. Ta karɓi takardar ƙin, ta karanta har ƙasa, ta buɗe takardar bankin, ta sa yatsa a kan layin da kuɗin hayar suka shigo, ta ɗago ta kalle ni.

"Baba Alhaji, wannan kuɗin naka ne?"

Na ce, "'Yata, ke dai bari."

Ta ce, "Ni da ban je makarantar wannan aikin ba na gani cikin minti ɗaya. Wanda aikinsa ke nan tun safe har yamma fa?"

Na zo da kuɗi a aljihu don mu fara, ta ce in mayar. Wai kada in sake nema sai bayan wata shida. Raina ya ɓaci, don na riga na gaya wa mutane zan tafi, amma a nan ne aikinta na gaske yake, kuma shi ya sa nake wannan rubutun. Ta sa na riƙa kai cinikin shago banki duk bayan kwana biyu ko uku, komai ƙanƙantarsa, in kuma riƙa biyan masu ba ni kaya ta asusun, don a ga kuɗi na shiga suna fita kamar yadda kasuwa take. Ta sa na nemi takardar shige da ficen kuɗin MoMo na shago. Ta sa na sabunta rajistar kasuwancina da na bari ta kwanta, na tattara rasit ɗin haraji da na kuɗin shago da na makarantar yara. Ta ce jami'in ba arzikina yake son ya auna ba. So yake ya ga zan iya ciyar da kaina a can, abin da Sifaniya ke lissafawa sama da Yuro 100 a kowace rana, sannan ya ga abin da zai ja ni in dawo gida: shago, iyali, bashin da nake bin mutane.

Ita ce kuma ta tambaye ni tsohon fasfona. Na farkon bai taɓa tambaya ba. A cikin fasfon akwai bizar Saudiyya ta aikin Hajji, da hatiman Aflawo da na Kano na tafiye-tafiyen sayen kaya. Mu 'yan ECOWAS ba ma ɗaukar waɗannan a bakin komai tunda ba biza muke nema ba, amma ta ce kowane hatimi shaida ne cewa na fita na kuma dawo.

Sai maganar suna, wadda ta fi cin lokaci. Duk ɗan zango ya san ciwon nan. Malamin makaranta ya rubuta yadda kunnensa ya ji, ma'aikacin banki ya rubuta nasa, sai Abubakar ya zama Bukari, Muhammadu ya zama Mahama. Nawa sunan rubutu uku ya yi: ɗaya a fasfo da Ghana Card, wani a rajistar shago, wani a banki. A idon mutumin da bai san mu ba, mutum uku ne. Sai da na yi takardar rantsuwa, na koma banki aka gyara, aka gyara na rajistar. Na yi sawu ya fi biyar a cikin pragya, babur ɗin nan mai ƙafa uku, kafin a gama.

Wasiƙar kuwa tare muka rubuta. Na faɗa da Hausa, ta juya da Turanci, ta sake karanta mini. Shafi ɗaya: ni ɗan kasuwa ne mai shago ɗaya, an taɓa hana ni, ga dalilin da na fahimta, ga inda zan je kowace rana. Madrid kwana biyu, Ƙurɗuba kwana uku, Garnaɗa kwana huɗu, sai komawa. Na so a ɓoye zancen ƙin farko, ta ce abin da suke da shi a kwamfuta ba ya ɓoyuwa.

Amma fa ita ma tana da nata. Waya ba ta ɗauka. Sai ka kira sau huɗu, ka tura saƙo a WhatsApp, ka ga alamar ta karanta, shiru har gobe. Ga mutumin da aka taɓa cinye wa kuɗi, wannan shirun yana hana barci. Na biyu, ofishinta ba sirri. A gaban mutum uku da ke jira a benci take faɗin abin da ke asusunka da ƙarfi, Kumasi kuwa ƙarama ce, ɗaya daga cikinsu ma na san mahaifinsa. Na uku shi ne wanda ya kusa jawo mini asara. Inshorar tafiya dole ta kai Yuro 30,000, ta kuma rufe duk kwanakin da za ka yi. Wadda ta sayo mini ta ƙare kwana ɗaya kafin ranar dawowata. A Nima na gane, daren da zan miƙa takardu, ɗan ƙanin mahaifiyata ne ya lura yana gwada ranaku. Na kira ta, Allah ya sa a wannan karon ta ɗauka. Ta ba da haƙuri ba tare da kame-kame ba, ta gyara, ta turo kafin asuba, muka buga a wani shago da safe. Ba ta ƙara mini ko sisi a kai ba. Duk da haka kuskure ne da bai kamata mai wannan sana'a ta yi ba.

Kuɗinta bai kai rabin na farkon ba, kuma ta rubuta mini komai a rasit: ga nata, ga na biza, ga na cibiya, ga na inshora. Samun ranar miƙa takardu ma ita ta yi ta dubawa a intanet har ta dace, ba ta ce in kawo wani abu na gefe ba. Ko sau ɗaya kuma ba ta ce mini za a ba ni ba. Na matsa mata, ta ce, "Baba, ni takarda nake shiryawa, ba ni nake buga hatimi ba."

Kwana goma sha biyu fasfo ya dawo, da biza ta shiga sau ɗaya. Ta zaunar da ni ta nuna mini layuka biyu da mutane ke rikitawa a jikin bizar, wato tsawon lokacin da take aiki da adadin kwanakin da aka yarda ka zauna. Ba abu ɗaya ba ne. Ta ce in riƙe kwafin takardun otal da tikitin dawowa da inshora a jakar hannu, don biza ba ta hana a tambaye ka a bakin shiga. Haka kuwa aka yi. Na bi ta Kasablanka, a filin jirgin Madrid jami'i ya tambayi inda zan kwana da ranar komawa, na miƙa masa, ya buga.

Abu ɗaya ne ba ta gaya mini ba, shi ma na ɗora mata rabin laifi. Fadar Alhambra da ke Garnaɗa ba a zuwa haka kawai. Tikitin da sunanka yake fita, da sa'ar da za ka shiga ɓangaren sarakunan Banu Nasr, kuma yakan ƙare tun da sauran kwanaki. Mai otal ne ya taimake ni na samu na rana ta ƙarshe. Na tsaya a gaban bangon da aka sassaƙa "Wa la galiba illallah" a kansa ba iyaka, na karanta da bakina ba tafinta. A Ƙurɗuba kuwa na yi yawo a tsakanin ginshiƙan nan masu baka ja da fari har ƙafata ta gaji. Wurin coci ne yanzu, ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki, sai da na koma ɗakina na yi la'asar.

In maki za a ba su, na farkon ya ci na ruwan sanyi da gaisuwa. Ta biyun zan ba ta takwas cikin goma, na cire ɗaya na waya, ɗaya na inshora da bencin jira. Wanda yake gaggawa, ko yake son a ce masa an gama, ba zai ji daɗinta ba, don za ta iya mayar da shi gida wata shida kamar yadda ta yi mini.

Da na dawo na kai mata tsarabar turare, ta karɓi fasfona ta ɗauki hoton hatimin shiga da na fita, ta ce in adana, zai yi amfani gaba. Zanen yatsuna ma ta ce yana nan har wata 59, ba lallai a sake ɗauka ba. Juma'ar da ta biyo baya mutumina na farko ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci, ya yi mini barka da dawowa, ya rage murya ya ce, "Alhaji, ta hannun wa ka bi? Akwai wasu mutanena da abin ya ƙi."