Waya ko kyamara: wacce ta fi a hoton furanni?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sai ka sayi kyamara kafin ka fara ɗaukar hoton furanni a waje, ko wayarka ta wadatar.

Babban bambancin yana bayan furen ne. Faifan da ke karɓar haske a waya ɗan ƙarami ne, shi ya sa kusan komai ke fitowa tar, har katanga da ciyawar da ke baya, sai furen ya ɓace cikin tarkace. Kyamara kuwa, in ka buɗe ƙofar haskenta zuwa f/2.8 ko f/4 (lambar faɗin ƙofar ke nan: ƙaramar lamba, babbar ƙofa), baya zai yi dishi-dishi, fure ya fito shi kaɗai. Wayoyi na kwaikwayon hakan da manhaja, amma manhajar ta fi sanin fuskar mutum. A kan fure takan cinye siririn kara ko gefen ganye. Dabarar mai waya ita ce ya durƙusa daidai tsayin furen, ya zaɓi wanda bayansa ke da nisa, ya koma idon 2x ko 3x, mai jawo abu kusa, in wayar na da shi.

Sai dai kyamara ma da nata ciwon kan. In ka matso sosai, wurin da ke fitowa tar bai wuce 'yan milimita ba: tsakiyar fure ta fito, gefensa ya dushe. Dole ka matse ƙofar zuwa f/8 ko f/11, haske ya ragu, ga iska tana kaɗa furen. Sai ka ɗaga saurin ɗauka zuwa 1/250 ko 1/500 na daƙiƙa, ka ƙara ISO, wato lambar da ke ƙara wa hoto haske. Mai waya kuwa ya danna yatsa a kan furen, ya jira iska ta lafa, ya ɗauki da yawa ya zaɓa.

A tsakar rana duk biyun sukan ba da kunya: inuwa ta yi kaifi, ja da rawaya su ƙone. Ka fita da sassafe kafin iska ta tashi, ko ranar da gajimare ya rufe rana. Jan fure musamman, ka ɗan rage masa haske. Kuma ka lura, waya in ta matso sosai takan jefa inuwarta a kan furen.

Ni dai na ce ka fara da wayarka. Ranar da ka ji kana son ganin garin fure a ƙafar ƙudan zuma, to lokacin kyamara ya yi, da idon ɗaukar ƙananan abubuwa na milimita 90 ko 100.